Yadda ƙungiya daga Saudiyya za ta shirya ziyarar ƙauyen manoma a Jafan

Ƙungiyoyin Hausawan Makka da Jidda sun saba da fita da bas guda, mutum arba'in, da kulolin abinci. Ƙauyen Jafan ba ya ɗaukar wannan tsari. A Shirakawa-go da ke lardin Gifu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995 tare da yankin Gokayama, masauki gidajen manoma ne da ake kira minshuku, kowanne da 'yan ɗakuna kaɗan. Don haka a tsaya a kan mutum goma zuwa goma sha biyar, a raba su gida biyu ko uku, mata nasu daban, a kama ɗakunan tun da sauran wata uku ko huɗu.

Lokacin tafiya ya danganta da abin da ake son gani. Dashen shinkafa daga Mayu ne zuwa farkon Yuni, girbi kuwa Satumba zuwa Oktoba. A kauce wa hutunsu na 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da na tsakiyar Agusta, domin bas da masauki duk cika suke. A tsakiyar Oktoba ma Shirakawa-go na yin bikin Doburoku, inda ake raba giyar shinkafa a wuraren bautarsu. Gara a zo kafinsa ko bayansa.

Biza ana nemanta ta ofishin jakadancin Jafan a Riyad ko ƙaramin ofishinsu na Jidda. Mai iƙama (takardar zama a Saudiyya) ya tabbatar bizarsa ta fita da dawowa ta fito a manhajar Absher, kuma kwanakinta sun zarce na tafiyar. Daga birnin Takayama bas na kaiwa ƙauyen cikin kusan minti 50, daga birnin Kanazawa awa ɗaya da 'yan mintoci. A sayi kujeru tun da wuri, a kuma bar manyan akwatuna a otal ɗin birni.

Inda tafiya ta fi lalacewa shi ne abinci. Uwargidan masaukin ita ke girki, ita ke cefane daidai da yawan baƙi, kuma wajen ƙarfe 6 na yamma take jera kwanuka. Idan sai an zauna sannan aka ce ba a cin kaza, ba ta da abin musanyawa. A aika mata takarda da Jafananci tun ranar kama ɗaki: ban da naman alade, ban da kowane nama, ban da giyar shinkafa da suke kira sake, ban da mirin. Wannan mirin ɗin shi ne ke shige wa mutane, ruwan zaƙi ne mai barasa da ake zubawa a miya da dafaffen kifi, kuma a wurinsu kayan girki ne kamar daddawa a wurinmu, ba sa ƙirga shi cikin giya sai an ambace shi da suna. Abin da ya rage ya ishi mutum: shinkafa, kifin rafi gasasshe, awara, ƙwai, ganyen dutse.

Kada kowa ya ce zai rufa wa kansa asiri da kilishi ko dambun nama. Jafan ta hana shigo da nama, akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi, kuma tarar na iya kai yen (kuɗin Jafan) miliyan 3. Busasshen dabinon Madina ya fi, ga guzuri ga tsarabar mai gida.

Gidajen jinka ne mai kauri a kan katako, an ɗaure da igiya, wasu sun haura shekara 200. Wuta ce babbar fargabar mutanen garin. Kaskon turaren wuta da gawayinsa su zauna a Makka, Hajiya ta yi haƙuri da na fesawa. Takalmi ana cire shi a bakin ƙofa. Silifas ɗin banɗaki ba ya fitowa daga banɗaki. A yi alwala a wurin wanka, domin jiƙa tabarmar tatami ɓarna ce. Alƙibla a can tana yamma, da ɗan karkata arewa, kuma a Yuni asuba na yi tun wajen ƙarfe 3. Agogonsu na gaban na Saudiyya da awa 6. Wutar lantarkinsu volt 100 ce, kuma filogi mai ƙafa uku na Saudiyya ba ya shiga soket ɗinsu, a tafi da mahaɗi.

Idan an shirya da manomi za a shiga fadama, taɓon na kai wa ƙwauri, abaya da doguwar riga ba za su yi ba. Wando da doguwar safa mai kauri sun fi takalmin roba, wanda laka ke riƙewa. Ana cire tsiro uku ko huɗu, a tura su da yatsu kimanin santimita 3, tsakanin layi da layi kusan 30. Wanda ya nutsa su da yawa ya hana su yin 'ya'ya. Kunyar da ke tsakanin fadamu ita ke riƙe ruwa, kada a bar yara su yi tsere a kanta.

A ciri tsabar yen tun a birni, a na'urar cirar kuɗi ta shagon 7-Eleven ko ta gidan waya, domin wasu gidajen ba sa karɓar kati. Kwandon shara ma da wuya a gan shi a titi, kowa ya riƙe ledarsa har masauki.