Mai sayar da abinci a bakin titi, ga abin yi idan aikin hanya ya iso ƙofarka

Wannan maganar taku ce masu shayi da masu tsire da balangu, da iyayenmu mata masu tuwo da masa da shinkafa da wake, har da masu ɗan shagon abinci mai benci biyu da fanka ɗaya. Duk wanda ya zauna Kaduna daga 2019 zuwa 2023 ya ga yadda garin ya koma filin aiki, gwamnatin El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birni a 2019 ta ba kamfanin CCECC na 'yan China kwangila, aka faɗaɗa tituna, aka rushe tsohuwar gadar Kawo aka yi sabuwa, aka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a Leventis, aka yi sabuwar gada a kan kogi daga Kabala Costain zuwa Barnawa, har Buhari ya zo a Janairun 2022 ya buɗe wasu daga ciki, kuma aikin ya taɓa Zariya da Kafanchan. Titunan sun yi kyau, wannan ba musu. Amma masu abinci da yawa sun karye a tsakani, kuma a ganina ba ranar da katafila ta zo ba ce take karya mutum, watannin ƙura ne da kuma yadda sabon titin yake canja inda mutane suke tsayawa.

Toh ka fara shiri tun ranar da ka ga safiyo da na'urarsa mai ƙafa uku yana leƙe-leƙe, yaransa suna kafa turaku ko suna shafa jan fenti a bango. Kar ka tsaya kana cewa ai an daɗe ana faɗa ba a yi ba. Daga ranar kar ka ƙara kashe ko sisi a gyaran da ba za ka iya ɗauka ka tafi da shi ba, ba tayil ba silin ba fenti, kuma idan lokacin sabunta haya ya yi ka roƙi mai gida ya karɓi na wata uku ko shida, idan ya ƙi sai na shekara to a rubuta a takarda da shaidu cewa idan aka rushe zai mayar maka da ragowar kuɗinka. Sannan ku haɗu ku masu sana'a a layin ku je wajen mai unguwa, daga nan ofishin KASUPDA tunda su ne masu tsara gari, ku tambayi abu uku kawai: mita nawa za a ci, ta wane ɓangare, kuma ta ina kwata za ta bi. Ku je a ƙungiyance dan Allah, mutum ɗaya da hularsa a hannu ba ya samun amsar da mutum goma za su samu.

Maganar diyya kuma gara ka san gaskiya tun wuri. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma abin da ake biya kuɗin gini ne da shuka da makamantansu, ba kuɗin filin kansa ba, sannan mai takardar wurin ake nema. Kai ɗan haya yawanci ba ka cikin lissafin, wanda kuma ya dasa kwantena ko rumfa a gefen titi inda dama filin gwamnati ne to shi sai dai haƙuri. Idan wurin naka ne na kanka ka je KADGIS, wato ofishin kula da takardun filaye na jihar Kaduna, ka tabbatar takardunka sun cika tun kafin a zo ƙiyasi, ka ɗau hoton ginin ciki da waje, ka adana duk wani rasit. Idan kuma an ba da notis kar ka jira ranar ƙarshe, ka kira kafinta ya cire maka kwanon rufi da katako da ƙofa da tagogi, ka cire wayoyin wuta, domin abin da ka cire da hannunka shi ne jarin sabon wuri, wanda katafila ta taka kuwa sai 'yan jari-bola. Ku tuna Kasuwar Barci a Tudun Wada, a watan Maris na 2020 aka rushe ta bayan gajeren wa'adi, kafin mutane su farfaɗo sai ga dokar kulle ta korona a cikin watan, masu abincin da suke ciyar da teloli da 'yan gwanjo a wurin suka wayi gari ba rumfa ba kwastoma.

Shi ya sa tun kana wurinka ka fara tara lambobin waya. Duk wanda yake cin abincinka kullum ka karɓi lambarsa, shi ma ka ba shi taka, ka buɗe asusun da za a riƙa yi maka tiransifa, ai tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kowa ya koyi wannan darasin. Ranar da za ka tashi sai ka sa a status na WhatsApp ka yi kwatance mai kyau, bayan masallaci kaza, layi na biyu hannun dama, kuma ka bar allo a tsohon wurin.

Yanzu ga inda aikin yake, wato lokacin da aka fasa kwalta aka zuba jar ƙasa tifofi suna kai da kawo. Ƙura ce babbar abokiyar gabarka, musamman idan abin ya haɗu da hunturu. Ka duba teburin mai shayi da ƙarfe goman safe a irin wannan layin, gwangwanayen madara da ya jera sun yi ja, ledar burodi idan ka shafa yatsa sai ya bar layi, kwanon da yake kaɗa ƙwai a ciki har wani ja-ja yake yi a gefe, kwastoma kuma ba zai ce maka komai ba, zai sha ya biya gobe ka gan shi a wani teburin. Abin yi shi ne ka juya wa titi baya, ka mayar da fuskar rumfarka cikin lungu, ka tare ɓangaren titin da tamfol ko zana har ƙasa. Abinci ya zauna a kula a rufe, a buɗe a zuba a mayar da murfi nan take, Hajiya dan Allah a daina jera robobin miya a buɗe don a ja ido, a wannan lokacin korar mutane yake yi. Mai tsire ya samu akwatin gilashi ko ya rage yawan naman da yake bajewa, yajin ma a rufe shi. Faranti da cokali a kife su cikin babbar roba mai murfi, kuma a ajiye ɗan tsumma mai laima ana goge benci duk bayan ɗan lokaci. Ka yayyafa ruwa a gaban wurinka safe da rana da yamma, ruwan wanke-wanke da aka tace ya isa ba sai ka sayi na 'yan garuwa ba, kuma idan kamfanin yana da tankar da take feshin ruwa ka saba da direban, gaisuwa da kofin shayi suna sa ya ɗan rage gudu idan ya zo daidai ƙofarka. Da damina kuma matsalar ta koma laka da ramin kwata da aka haƙa aka bari, nan sai ka sa katako mai kauri mai faɗi wanda tsoho zai iya takawa ba fargaba, ka zuba ɓaraguzai a inda ake tsayawa.

Ka rage yawan girki. Wannan yana yi wa mutane ciwo amma gara tukunya ta ƙare ƙarfe biyu da a kwana da rabin kula.

Sai dai fa aikin da ya kore maka masu mota ya kawo maka wasu, leburori da birkiloli da direbobin tifa da masu gadi, kuma waɗannan cin ƙoshi suke so ba ƙawa ba, shinkafa da wake da mai da yaji, ɗanwake, garau-garau, tuwo mai nauyi, ruwa mai sanyi. Ka gano lokacin da suke tashi hutun rana ka sa abinci ya sauka kafin nan, idan sun matsa gaba ka bi su da kula a baro. Amma bashi, wallahi a yi hattara. Aiki yana tafiya ne, yau suna ƙofarka wata mai zuwa sun yi nisa, wani ma an sallame shi. Idan dole sai an ba da to ta hannun fomen ɗinsu, a rubuta a littafi, a biya ranar da ake ba su kuɗi, kuma ka yanka wa kowa iyakar da ba zai wuce ba.

Bayan an gama aka shafa fenti aka kunna fitilu, kar ka yi saurin komawa tsohon wurinka don kawai ka saba da shi. Titin da aka mayar tagwaye an gina kankare a tsakiya, wanda da yake tsallakowa daga ɗaya hannun yanzu sai ya je ya yi kwana mai nisa, kuma ba zai yi ba saboda masar ɗari biyar. Ga kwata mai zurfi, ga 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya ba sa barin a yi fakin yadda aka ga dama. Ka ɗau kwanaki kana zama kana kallo da safe da kuma bayan la'asar: ina keke suke sauke mutane, ina ake yin kwana, ina masu tafiya a ƙasa suke tsallakawa. Mai koko da ƙosai da mai shayin safe hannun masu shiga gari suke so, mai tsire da mai gasa kifi hannun masu komawa gida. Inda aka yi gadar sama irin ta Kawo masu motar kansu sun bi ta sama sun wuce, cinikin ya rage na 'yan ƙasa, fasinjojin bas da keke da masu zuwa tasha da 'yan kasuwar Talata, don haka abincin ma ya zama mai saurin ɗauka a leda ko roba. Kuma ka sani akwai dokar hana bara da talla a kan titi a jihar tun 2016, kafa tebur a kan hanyar masu tafiya a ƙasa neman a kwashe maka kaya ne. Sau da yawa layin farko da ya ɓalle daga babban titi ya fi, haya da sauƙi, mota tana samun wurin tsayawa, ga hasken fitilun titi yana kaiwa da dare.

Sabbin shaguna na kasuwannin da aka sake ginawa ko filaza kuwa, ka yi lissafi da faranti kafin ka sa hannu. A ce haya naira dubu 600 ce a shekara, dubu 50 kenan a wata, wajen naira 1,700 kullum, idan ribarka a faranti 200 ce to faranti 9 na farko duk na mai shago ne, ba a zo maganar gas ko gawayi da wuta da kuɗin shara da haraji da yaran aiki ba. Idan lissafin ya ƙi fita ku haɗa ku biyu, mai masa ta riƙe safe zuwa azahar, mai shayi da indomi ya karɓa daga magariba, ku raba hayar a rubuce. Ko kuma girkin ya koma gida gaba ɗaya, a riƙa karɓar oda ta waya, ku yi yarjejeniya da mai keke ɗaya amintacce da zai riƙa kai kuloli ofisoshi da shaguna da rana, a biya shi duk mako.