Kafin ka yi wa kwamfuta fomat: kurakuran da ke jawo asara

Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa wurin mai gyara ya san maganar da ake fara tarbarsa da ita: "Sai dai a yi mata fomat." Ta yi nauyi, fomat. Ta ƙi buɗe wata manhaja, fomat. Fomat yana da ranarsa, ban musa ba, amma yawancin asarar da nake gani tana faruwa ne saboda abin da aka kasa yi kafin a taɓa komai.

Mutum zai kwashe abin da ke Desktop da Documents, ya ce ya gama. Sai bayan an goge zai tuna da Downloads, da kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe masa, da fayil ɗin manhajar lissafin shagonsa. Masu buga takardu da marubuta kuma su kula da haruffan da suka girka da hannunsu. Wanda ya yi shekaru yana rubutu da salon haruffan Rabi'at domin samun ƙ da ɗ da ɓ, idan bai kwafe ta daga C:\Windows\Fonts ba, zai buɗe tsofaffin rubuce-rubucensa ya tarar haruffa masu lanƙwasa sun rikiɗe sun zama wasu alamu. Bayan ka kwafe kayanka, buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar ka ga suna buɗuwa. Filas na jabu sun yi yawa a kasuwa, suna nuna sun karɓi kaya alhali ba su riƙe ba.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne BitLocker, makullin da Windows ke sa wa rumbun ajiya. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle rumbun ajiyarsu da kansu ba tare da mai su ya lura ba. Ka goge ɓangaren C na rumbun kana taƙamar kayanka suna ɓangaren D, ka dawo D ya ce sai ka kawo mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi, idan kuwa kwamfutar ta hannu ce, wataƙila yana wurin mai ita na farko a wata ƙasa. Babu mai gyaran da zai fasa maka shi. Tun Windows tana buɗewa ka kashe BitLocker ka jira ya gama, ko ka rubuta mabuɗin a takarda. Sannan ka cire duk wani rumbu na waje kafin ka isa shafin zaɓen ɓangaren da za a goge, don a nan hannu ke zamewa.

Filas ɗin girka Windows ba sai ya wuce 8GB ba, kuma da Media Creation Tool na Microsoft ko Rufus ake haɗa shi. Idan aka ce ba za a iya girka Windows a wannan rumbun ba saboda GPT ko MBR, wato tsarin da aka raba rumbun da shi, tsarin rumbun ne bai dace da yanayin da BIOS (saitin da ke tashin kwamfuta kafin Windows) ya tashi filas ɗin da shi ba: UEFI da GPT suke tafiya, Legacy da MBR. A kwamfutoci masu Intel zubi na 11 zuwa sama kuma, sau da yawa rumbun ba ya bayyana kwata-kwata, har a ce wa mutum SSD ɗinsa ya mutu ya sayi wani. Lafiyarsa ƙalau. Direban Intel RST, wato manhajar da ke sa Windows ta gane rumbun, ake ɗorawa daga filas, ko a kashe saitin VMD a BIOS. Sauke direban Wi-Fi ka ajiye tun kafin ka fara, kuma kada ka fara da batirin da ba zai kai ka ba idan an ɗauke wuta.

Akwai ɗabi'ar girka Windows Pro a kan kowace kwamfuta saboda sunan ya fi daɗin ji. Idan lasisin da ta zo da shi na Home ne, Pro ba za ta karɓe shi ba, daga nan sai a koma neman kirak, wato manhajar satar lasisi, a shigo da cutar da aka yi fomat ɗin dominta. Girka irin wadda ta zo da ita, lasisin zai dawo da kansa da zarar ta hau intanet.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Intel zubi na 8 ko sama, masu tsofaffin kwamfutoci irin EliteBook 840 G3 sun fara komawa Linux Mint da Ubuntu, nau'o'in Linux da ke maye gurbin Windows. Shawara ce mai kyau ga mai lilo a intanet da rubutu. Kuskuren shi ne a goge Windows tukuna, sannan a fara tambayar yadda CorelDRAW zai yi aiki. Akwai wata manhaja, Wine, yana fassara wa Linux buƙatun manhajar Windows, yakan iya da ƙanana da tsofaffin manhajoji, amma sababbin CorelDRAW da Photoshop da Office wahala kawai suke bayarwa. Shafin WineHQ yana da jerin manhajoji da darajar kowace, daga Platinum har Garbage. Duba taka kafin ka yanke hukunci. Na'urar da sai da direban Windows take aiki, kamar ta ɗaukar zanen yatsa, Wine ba zai tashe ta ba. Mai shagon da abincinsa ke cikin CorelDRAW, a ganina, ya zauna a Windows ko ya bar ta a gefe. Ɗalibi mai rubuta kundi da LibreOffice kuma ya mayar da shi PDF kafin ya kai bugawa, don shafuka kan goce idan an buɗe a Word. Linux tana tashi daga filas ba tare da an girka ta ba, a nan za ka gwada sauti da Wi-Fi da firinta.

Idan Windows da Linux za ka haɗa a kwamfuta ɗaya, fara girka Windows, ka kashe Fast Startup, in ba haka ba Linux za ta ƙi rubutu a ɓangaren Windows. Za ka kuma lura agogon Windows yana komawa baya da awa ɗaya a Najeriya da Nijar duk lokacin da ka fito daga Linux, saboda ita da lokacin UTC take saita agogon na'ura. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux yana gyara shi. VirtualBox, manhajar da ke tashin Windows a cikin Linux, ma hanya ce, sai dai a kan RAM 4GB azaba ce. A samu 8GB, a kunna saitin VT-x a BIOS.

Masu sayen MacBook da niyyar ɗora Windows su tambayi abin da ke cikinta. Daga M1 na 2020 zuwa yau babu Boot Camp, manhajar Apple ta girka Windows, sai irin su Parallels ko UTM da Windows 11 ta ARM, wato wadda aka yi wa irin wannan injin, kuma tsofaffin direbobin firinta da na sikana da aka yi wa Intel ba sa aiki a cikinta.