Yadda iyali za su shirya farautar ɓoyayyen akwati a Yankari ko Sumu

Farautar akwatin wasiƙa wasa ne da ake yi a fili, inda wani zai ɓoye ƙaramin akwati a gindin dutse ko tsakanin saiwoyin itace, ya rubuta kwatancen wurin cikin salon kacici-kacici, wasu kuma su bi kwatancen har su gano shi. Asalinsa daga Ingila ne. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, a tsaunukan Dartmoor, domin duk wanda ya kai wurin ya saka katin sunansa. Daga baya aka koma barin wasiƙu, wanda ya biyo baya ya ɗauka ya kai gidan waya. Wasan ya yaɗu a Amurka bayan da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998, kuma a yau masu yinsa suna wallafa kwatancensu a shafukan intanet irin su Atlas Quest.

Abin da ke cikin akwatin bai wuce biyu ba: hatimin roba da ƙaramin littafi. Mai nema shi ma yana tafe da nasa hatimin da nasa littafin. Idan ya samu akwatin sai ya buga hatiminsa a littafin akwatin, ya buga hatimin akwatin a nasa littafin, ya rubuta kwanan wata, ya mayar da komai yadda ya tarar. Ba a ɗaukar komai a tafi da shi.

Da yake wasan bai yaɗu a ƙasarmu ba, kada iyalin da ke Bauchi ko Gombe su fita da zaton za su tarar da akwatin da wani ya ɓoye. Ku ne za ku ɓoye, ku ne kuma za ku nema, kuma a ganina wannan ya fi armashi, domin wanda ya san yaransa shi ne zai iya auna wuyar kwatance daidai da wayonsu. Maigida ko wani babban yaya ya ɗauki aikin ɓoyewa, uwargida ta kasance tare da masu nema. In gida biyu ne suka haɗu, kowane gida ya ɓoye wa ɗayan.

Ana fara shiri tun ana saura mako guda, kuma da hatimi ake farawa. A samo robar goge fensir mai faɗi, ko a yanko wani yanki daga tsohon silifas, a zana hoto mai sauƙi a kai da biro, kamar giwa, ko ganyen kuka, ko harafin farko na sunan yaro. Babba ne zai riƙe reza ya sassaƙe duk inda babu zane, ya bar zanen a sama. A tuna cewa hatimi juyawa yake yi idan an buga, saboda haka duk harafin da za a sassaƙa sai a rubuta shi a baibai, a duba a madubi kafin a sa reza. Kowane yaro ya samu nasa, kuma a al'adar wasan kowa yana zaɓar laƙabin da zai riƙa sa hannu da shi. Tawadar buga hatimi irin ta ofis ana samunta a shagunan kayan rubutu.

Akwatin ya zama robar abinci mai murfi, wadda ake ganin abin da ke cikinta daga waje. A saka littafin a leda, a rubuta a jikin murfin da manyan baƙaƙe cewa wasan yara ne, a ƙara lambar waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu: wanda ya tsinci rufaffen gwangwani a gindin tsamiya, ko dai ya ɗauka abin fashewa ne ya kira jami'an tsaro, ko ya ɗauka sammu aka binne. Kada a saka alawa ko biskit a ciki, domin ƙamshinsu zai jawo tururuwa da birai. Akwati uku ko huɗu sun ishi yini guda.

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. A cikin sansanin kaɗai za a yi wasan. Daji ne mai giwaye da ɓauna, ba a shigarsa da ƙafa, kuma zagayen kallon dabbobi a mota ake yinsa tare da ɗan jagora. Gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, ya fi kusa da garin Bauchi, don haka ya fi sauƙi ga masu ƙananan yara. Ko wanne aka zaɓa, a fara da zuwa wurin ma'aikata a nuna musu akwatunan a buɗe, a nemi izini, a tambayi iyakar inda aka yarda a taka. Idan sun hana, a haƙura, a mai da wasan gonar dangi ko harabar gida. Rani ne lokacin da ya dace, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe, zafin bazara kuma bai sauka ba.

Mai ɓoyewa ya riga sauran da kamar rabin awa, yayin da suke karyawa. Kada ya haƙa rami, kada ya karya reshe, kada kuma ya tura akwati cikin kogon itace ko ramin suri inda yaro zai zura hannu bai ga abin da ke ciki ba, domin nan ne mazaunin kunama da kububuwa. Wurin da ya dace shi ne bayan dutse ko gefen kututture, a rufe da busassun ganye da ɗan dutse a kai, yadda sanda kaɗai za ta iya tone shi. A Wikki akwai ƙarin matsala, wato gwaggon birai, waɗanda suka saba da mutane har suna fizge leda daga hannu. Idan suna kallo aka ajiye akwati, to an yi asararsa.

Rubuta kwatance shi ne zuciyar wasan, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Kwatance mai kyau yana farawa daga wurin da kowa ya sani, ya tafi mataki-mataki, kowane mataki ya dogara da abin da ba ya motsi. Mota da inuwa da dabba ba su shiga kwatance, domin kafin yara su zo sun gusa. Ga misali: "Ku tsaya inda muka shimfiɗa tabarma, ku ba rana baya. Ku yi taku ashirin zuwa itacen da ake kaɗa miya da ganyensa. Daga gindinsa ku dubi hannun dama, za ku ga duwatsu uku kamar murhu. Abin da kuke nema yana bayan ƙaraminsu." Yaron da ya warware wannan ya koyi gane kuka a tsaye, ba a cikin tukunya kawai ba, kuma haka za a bi da tsamiya da ɗorawa da kanya da giginya. A rubuta lokacin da aka yi kwatancen idan an ambaci rana, tunda wanda ya ba ta baya da hantsi yamma yake kallo, da la'asar kuwa gabas. A auna taku da ƙafar yaro, domin taku ashirin na babba ya kusa talatin na ɗan shekara bakwai. Ga manyan yara ana iya amfani da kamfas na waya, amma a ja hankalinsu cewa alƙiblarmu ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, kada su haɗa biyun.

Lokacin nema, kowa ya sa takalmi rufaffe, babba ɗaya ya riƙe sanda yana gaba, kuma a ba ƙaramin cikinsu aikin ƙirga taku don kada manya su yi masa wayo. Abin da ya fi wuya ga iyaye shi ne kame baki. Idan yara suka ɓace hanya suka fara "Baba, don Allah ka nuna mana," kada a nuna. A sa su koma wurin da suka tabbatar na ƙarshe su sake karanta layin. Sai an ga rai ya fara ɓaci sannan a ba da ɗan haske. Da an samu akwatin, a matsa gefe a zauna, kowa ya buga hatiminsa, ya rubuta laƙabinsa da abin da ya gani a hanya.

A yi ƙoƙarin gama nema kafin azahar. Bayan salla sai a buɗe kular masa da miya a wuri mai rufi saboda birai, sannan a gangara maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke da ɗumin digiri 31 rani da damina, ido na kan yara matuƙar suna cikin ruwa. A Ingila akwati yakan shekara da shekaru a maɓoyarsa, amma a gandun dajinmu mai ɓoyewa ya bi kwatancensa ya kwashe akwatunan duka, ya ƙirga su, ya sanar da ma'aikatan da suka ba da izini cewa ba a bar komai ba. A kama hanya da la'asar sakaliya, domin a fita daga dajin a hau babban titi tun da sauran haske.