Yadda ake sarrafa fankar tsohon murhun itace na ɗumama ɗaki

Idan sanyin hunturu ya sauko Damagaram a watannin Disamba da Janairu, yawancin gidaje da kaskon gawayi suke jin ɗumi, amma akan samu wanda ya mallaki tsohon murhun ƙarfe na itace, irin wanda ake shigowa da shi cikin kayan gwanjo daga Turai ko Amurka, mai bututun hayaƙi da ƙaramar fanka ta lantarki a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Irin wannan murhu ba kasafai yake zuwa da takardar bayani ba, shi ya sa mai shi yakan yi ta murɗa maɓallai bisa zato, har ya yanke hukuncin cewa fankar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Kafin a taɓa kowane maɓalli, wajibi ne a gano inda iskar fankar take zuwa, domin fankar murhu iri biyu ce. Akwai wadda take hura iska cikin wutar kanta, kamar zugazugin maƙeri, kuma ana gane ta da cewa bakinta yana shiga ta wajen toka, harshen wuta kuma yana tashi da zarar an kunna ta. Akwai kuma wadda ta fi yawa a murhun ɗumama ɗaki, wadda take jawo iskar ɗaki ta bi da ita tsakanin bangon ƙarfe biyu na murhun, ta fito da ita da ɗumi ta sama ko ta gaba. Wannan ta biyu ba ta ƙara wa wuta ƙarfi ko kaɗan, aikinta kwashe zafi daga jikin ƙarfe ne kawai. Mai son wuta ta ci ko ta lafa, sai ya nufi ƙofar iska ta murhun, wato ƴar sandar da ake turawa ko faifan da ake juyawa a jikin ƙofa.

Maɓalli na farko yakan kasance mai matsayi uku: kashewa, aiki da hannu, da aiki da kanta, wanda akan rubuta masa AUTO. A matsayin hannu fanka tana tashi nan take ko da murhun da sanyi yake. A matsayin AUTO kuwa, ba za ta motsa ba sai ƙarfe ya ɗauki zafi, abin da kan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30 bayan kunna wuta, ko fiye idan murhun mai kauri ne. A wasu murahun Faransa lambobi ake sa wa, 0 da I da II, kuma a cikinsu akwai waɗanda 0 ɗinsu ba kashewa ba ce, fankar tana iya tashi da kanta a hankali idan zafi ya kai wajen digiri 50. Saboda haka kada a sa hannu cikin fanka don an ga maɓalli a kan 0, a zare wayar daga bango tukuna.

Abin da ke yin wannan aiki na kai da kai wani ɗan faifai ne mai faɗin kuɗin ƙarfe, manne da jikin murhun, da wayoyi biyu. A cikinsa akwai ƙarfe iri biyu da aka haɗe, waɗanda ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi, sai faifan ya lanƙwashe da ƴar ƙara ya haɗa wuta. A kan na Amurka akan ga rubutu kamar F110-20, ma'anarsa yana kunna fanka a digiri 110 na ma'aunin Faranhait, wato kimanin 43 a ma'aunin da muke amfani da shi, ya kashe ta idan zafi ya sauka da digiri 20, wajen 32 ke nan a namu. Wannan tazara ce take sa fanka ta ci gaba da juyawa bayan wuta ta mutu, kuma hakan daidai ne, ragowar zafin ƙarfe take kwasowa. Idan fanka tana tashi a matsayin hannu amma ta ƙi a AUTO, faifan ne abin tuhuma, kuma sau da yawa bai mutu ba, ya ɗan saki ne daga jikin ƙarfe ko tsatsa ta shiga tsakaninsu. Idan za a sauya shi, a nemi mai harafin F, domin mai harafin L yanke wuta yake yi idan zafi ya hau.

Maɓalli na biyu shi ne na murɗawa, mai rage gudu. Yawancinsu idan aka murɗa suka yi ƙara, da gudu mafi ƙarfi suke farawa, sannan gudun ya riƙa raguwa yayin da ake ci gaba da murɗawa, an kuma yi haka ne da gangan don injin ya samu ƙarfin tashi. Idan aka rage har injin yana gurnani ba ya juyawa, a ƙara masa nan da nan, tun da injin da wuta ke shiga bai juya ba zafi yake tarawa har ya ƙone.

A ganina matsayin AUTO da matsakaicin gudu ya fi dacewa da yawancin dare. Kunna fanka da ƙarfi tun wuta ba ta kama ba yana sanyaya murhun, itacen ya yi ta hayaƙi, baƙin danƙo ya taru a bututu, wanda shi ne kan kama da wuta daga baya. A bari busasshen itace, bagaruwa ko dogon yaro, ya kama sosai kafin a nemi ɗumi daga gare shi.

Sai batun lantarki. Wutar gidajenmu ta bolt 220 ce, fankar da aka ƙera don Amurka kuwa ta bolt 120 ce, kuma haɗa ta kai tsaye yana ƙone ta cikin ɗan lokaci. A karanta farantin da ke jikin injin, idan 115 ko 120 aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Ko da shi ma za ta ɗan yi ƙasa da gudun da aka yi ta da shi, saboda wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, tasu sau 60. Idan aka ɗauke wuta murhu yana tsakiyar ci, a rage ƙofar iska, a daina ƙara itace, domin zafin da fanka take kwashewa yanzu a kan injin da wayoyinsa yake zama. Mai fankar hura wuta kuma ya kashe maɓallinta, kada wuta ta dawo cikin dare ta zuga murhu ba kowa a kai.

Ƙurar hunturu tana cika fikafikan fankar har iska ta ragu, ta kuma riƙa karkarwa. A zare waya, a bari murhu ya huce, a goge fikafikan da ƙaramin buroshi a farkon sanyi da tsakiyarsa, sannan idan injin yana da ƴan ramukan mai, a ɗiga masa ɗigo biyu ko uku na man inji mara kauri. Wayar da ta bushe ta tsage kuwa aikin mai gyaran lantarki ce, kuma a gaya masa ya sa irin wadda take jure zafi, domin ta gida robarta narkewa take yi a bayan murhu.