Kurakuran mai da ke kashe ƙyallin alminiyam a injin murza

Na gaji da ganin sababbin yara a masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano suna ɗora wa rola, wato mulmulallen ƙarfen da ke juyawa yana matse alminiyam ya zama falle, laifin da ba nata ba. Falle ya fito dishi-dishi, sai ka ji an ce rola ta cinye, a kai ta gyara. Sau tari lafiyarta ƙalau, mai ne ya ɓaci.

Man da ake murza alminiyam da shi a sanyi tsinkakke ne, ɗan'uwan kananzir, da 'yan sinadarai a ciki masu sa shi ya kama jikin ƙarfe. Da gangan aka yi shi haka, don ya tashi gaba ɗaya idan an sa fallen a tanderu ya yi laushi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a bar wani mai ya shiga cikinsa. A inda na fara aiki, wata tiyo ta haidirolik, wato man da ke ba inji ƙarfin dannawa, tana ɗiga cikin tankin man murza. Na gani da idona, na ce ai ɗigo ne. Muka murza aikin mako guda, faifayen da za a buga tukwane da su. Da suka fito daga tanderu, kowanne ya yi tabo ruwan ƙasa kamar an watsa masa shayi. Man haidirolik kauri gare shi, a zafin digiri 300 zuwa 350 ba ya tashi, ƙonewa yake ya manne. Mai tukwane ya dawo da kayan, maigida ya zaftare mini albashi. Tun daga ranar, kafin in soma babban aiki sai na ɗiga man a kan guntun falle mai tsabta na gasa na gani. Ku kuwa masu cika tanki da baƙin mai idan ya ragu, ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce.

Sai masu ganin kaurin mai shi ne alheri. Ƙyalli daga gogaggiyar fuskar rola yake zuwa. Idan mai ya yi kauri a tsakani, rola ba ta taɓa ƙarfen sosai, fuskar sai ta fito da ƙananan ramuka, babu sheƙi. Gudun inji ma yana ƙara jawo mai ciki. Da safiyar hunturu mai yakan yi kauri, shi ya sa nake barin famfo ya juya shi kamar rabin awa kafin in saka falle. Wasu na cewa ɓarnar man gas ce, ni dai haka nake yi. A zafin Afrilu kuma yakan tsinke, alminiyam ya liƙe a rola yana buga tambari a kowane zagaye.

Ruwa ya kwana tsakanin fallaye, farin tabo ne. A rufe tanki saboda ƙurar hunturu, karce take yi. Mai ya soma baƙi, garin alminiyam ne, a duba matatar man. Kuma kada in ga sigari kusa da tankin nan.