Darasi na Tara: Tafiya da Mota Mai Ɗaki Zuwa Taron Masu Irinta

Ku karanta wannan darasi sau biyu. A karon farko kowa ya karanta a zuci. A karo na biyu mutum ɗaya ya ɗaga murya, sauran su bi layi da yatsa. Ku ajiye fensir da takarda kusa, domin akwai lissafi a tsakiya, kuma lissafin nan shi ne ƙashin bayan darasin.

Mece ce mota mai ɗaki?

A Ingila da sauran ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗaki a jikinta. Gabanta wurin direba ne kamar kowace mota. A bayanta kuwa akwai gado, da tebur, da murhun gas, da firji, da ɗan ƙaramin banɗaki. Inda mai ita ya tsaya, nan ne masaukinsa. Da yawa daga cikin masu irin wannan mota dattawa ne da suka yi ritaya, 'ya'ya sun girma sun kama gabansu, su kuma suna so su ga ƙasarsu tun da sauran ƙarfi.

Masu waɗannan motoci a Ingila suna da ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa a 1907, zamanin da dawakai ne ke jan ɗakunan. Wata kuma, Camping and Caravanning Club, ta girme ta, domin tun 1901 take, kuma mahaya keke masu kwana a tanti ne suka fara ta. Ke nan keke da kwanan daji tare suka taso. Bayan manyan akwai ƙananan ƙungiyoyi na waɗanda motocinsu ƙirar kamfani ɗaya ne. Su kan sa rana su haɗu a filin wani manomi ko filin wasa, yawanci daga Juma'a zuwa Lahadi. Wata doka ta 1960 ta ba ƙungiyoyin da hukuma ta amince da su damar yin irin wannan zango har kwana 5 a filin da ba shi da lasin masauki.

Mu ɗauki misalin wasu dattawa biyu, maigida da uwargidansa. Takardar gayyata ta zo musu: za a yi taro kusa da garin Ashbourne a gundumar Derbyshire, ranar Asabar a hau keke, ranar Lahadi a yi tattaki.

Kaya da nauyi

Abu na farko da maigida ya yi, kafin ma ya duba taya, shi ne karanta wani ɗan faranti da kamfani ya manna a jikin motar. An rubuta 3,500 kg. Haruffan nan biyu, k da g, suna nufin kilo. Ma'anar rubutun ita ce motar da duk abin da ke cikinta, mutane da ruwa da tukwane, kada su wuce kilo 3,500. Wannan lamba tana da muhimmanci ta wata fuskar ma, domin lasin tuƙi na ƙaramar mota a Ingila iyakarsa ke nan. Wanda zai tuƙa wadda ta fi haka sai yana da izinin aji na gaba, sai dai waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1997, su an ba su damar kaiwa kilo 7,500.

A misalinmu, motar da direba da mai a tanki nauyinsu kilo 3,080 ne. Ku cire wannan daga 3,500. Abin da ya rage shi ne 420. Duk kayan tafiya a cikin wannan 420 za su shiga.

Yanzu ku rubuta waɗannan lambobi ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Uwargida kilo 70. Tankin ruwa yana cin lita 100, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kilo 100 ke nan. Kekuna biyu masu batir, kowanne kilo 25, sun zama 50. Ƙarfen da ake ɗaure su a bayan mota kilo 15. Tukwanen gas biyu kilo 30. Abinci 40. Tufafi da barguna 40. Kujeru da tebur na waje da kayan gyara 45. In kun tara daidai za ku samu 390. Saura kilo 30 kacal, alhali a ido motar kamar ba a sa mata komai ba.

Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Ido yana duba wuri ne, ya ga akwai sauran fili sai ya ce a ƙara. Taya da birki kuwa nauyi suke ji. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima ba ta tsayawa da wuri in an taka birki, tayoyinta suna zafi, kuma in an kama mai ita akwai tara. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa da aka labta wa buhuna har ta karkace ya san wannan magana a jikinsa, tun kafin ya iya rubuta ta.

Uwargida ce ta kawo dabara. Ta ce, "Maigida, me zai sa mu yi dakon ruwa tun daga gida, bayan takardar ta ce akwai famfo a filin? Mu zuba lita 20, in mun isa mu cika." Haka aka yi. Ku lissafa kilo nawa suka rage, kuma nawa ne sauran damarsu yanzu. A hanya sun ratsa wurin da ake auna manyan motoci a sikeli, suka biya ɗan kuɗi, aka ba su takarda. Takardar ta nuna nauyin gaba daban, na baya daban. Wannan yana da amfani, domin kekunan da aka rataya a can ƙarshen mota suna danne tayoyin baya fiye da nauyinsu na ainihi.

Karatun hanya

A Ingila ta hannun hagu ake tuƙi. Mu ma a Nijeriya haka muke yi kafin a koma hannun dama a 1972, wasunku za su tuna. Allunan hanya da mil suke ƙidaya, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita ɗaya ne da ɗigo shida, wato 1.6. In allo ya ce 30 a cikin gari, mil 30 a awa yake nufi, kusan kilomita 48.

Alamar da aka zagaye da jan da'ira umarni ce, ba a ƙetare ta. Wadda take da kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce. Amma lambar da ta fi damun mai mota mai ɗaki ita ce wadda ake rubutawa a bakin gada, mai nuna tsayin abin da zai iya wucewa ta ƙarƙashi. Irin waɗannan motoci tsayinsu ya kan kai mita 3. Shi ya sa maigida ya rubuta tsayin tasa da faɗinta a 'yar takarda ya liƙa kusa da sitiyari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: wanda ya iya karanta sunan gari amma bai kula da lambar gada ba, zai iya barin rufin ɗakinsa a can.

A filin taro

Sun isa da la'asar. A bakin fili akwai ɗan ƙungiya da aka ɗora wa kula da zangon. Ya duba sunansu a takarda, ya nuna musu turken da za su tsaya. Tsakanin kowace mota da maƙwabciyarta ana barin mita 6, saboda in gobara ta tashi a ɗaya kada ta lashe ta kusa. Filin ba a miƙe yake ba, sai maigida ya sa waigi ƙarƙashin tayoyi biyu har motar ta daidaita. In ba a yi haka ba, firji mai aiki da gas ba ya sanyi yadda ya kamata, mai barci kuma sai ya yi ta gangarawa.

A irin wannan fili sau da yawa babu wutar da za a jona. Batir da farantin sola na kan rufi su ne fitila, gas kuma shi ne girki da ɗumama ɗaki. Ga maganar da ba na so ku manta ko kun manta sauran darasin. Duk abin da ke ci da wuta a cikin rufaffen wuri yana iya fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda in an kwana da janareto ko kaskon gawayi a ɗaki. Saboda haka masu hankali a cikin masu waɗannan motoci ba sa toshe ƙofofin iska, ba sa shigo da gawayin gashi ciki ko da ya yi kamar ya mutu, kuma suna rataye wata 'yar na'ura mai ƙara in iskar ta taru. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga duk mutanen ɗaki a lokaci guda alama ce. A buɗe ƙofa, a fita, a nemi likita.

Da daddare aka taru a babban tanti, kowa da kujerarsa da kofinsa. Hirar ba ta wuce ta mota ba: wane famfo ne ke yoyo, wace hanya ce ta yi ƙunci. Sabon shiga ya fi kowa ƙaruwa a nan, domin duk matsalar da ya kawo akwai wanda ya riga shi gamuwa da ita.

Asabar a kan keke

Daga Ashbourne akwai hanyar keke da ake kira Tissington Trail. Asalinta layin dogo ne da ya nufi garin Buxton. Da jirgi ya daina bi aka cire ƙarafan, aka buɗe ta ga masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya doki a 1971. Tsawonta mil 13 ne zuwa wani wuri mai suna Parsley Hay. Da yake don jirgin ƙasa aka yi ta, babu hawa mai tsanani, a hankali take tashi in ka nufi arewa. Mota ba ta binta. Wannan ne ya sa dattijo mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara bakwai suke iya tafiya tare a kanta.

Kafin a tashi, jagoran ayari ya sa kowa ya matsa tayarsa da yatsa, ya gwada birkin gaba da na baya, ya ɗaura hular kwano. A jakar maigida akwai famfon hura taya, da kayan faci, da ruwan sha, da rigar ruwa, domin a wannan yanki rana tana iya fitowa da safe, hadari ya haɗo kafin azahar. Keke mai batir da doka ta yarda a hau ba tare da lasin ba, injinsa yana daina taimako in gudu ya kai mil 15.5 a awa, kuma sai wanda ya kai shekara 14 yake hawa. In ka iske masu tafiya a ƙasa, ka rage gudu ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. In doki ne, ka yi magana da mahayin kafin ka wuce, kada dabbar ta firgita.

Hagu da dama tumaki ne a cikin filayen da aka kewaye da katangun duwatsu, jere kawai ba siminti. Uwargida ta gaji a ƙauyen Tissington, ta zauna shan shayi tare da wasu mata uku har ayari ya dawo. Ba wanda ya ga laifinta.

Lahadi a ƙafa

Tattakin ya nufi kwarin Dovedale, inda kogin Dove ke ratsa tsakanin duwatsu, ana ƙetare shi ta kan wasu manyan duwatsu da aka jera a cikin ruwa. Hanyar ta bi ta gonakin mutane, kuma doka ce ta yarda. A jikin turaku akwai kibiyoyi masu launi. Rawaya tana nufin masu ƙafa kaɗai. Shuɗiya tana nufin ƙafa da doki da keke. Ƙa'idar kuma ita ce ka bar ƙyauren gona yadda ka same shi, ka riƙe karenka da igiya kusa da tumaki, ka koma gida da sharar da ka zo da ita.

Wannan 'yanci ba daga sama ya faɗo ba. A 1932 ɗaruruwan mutane, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don farautar tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Bayan shekaru ana fafutuka, a 1951 wannan yanki, wanda ake kira Peak District, ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. Ina ganin ya dace duk mai bin kibiyar rawaya ya san wannan tarihi.

Da yamma aka fara haramar tafiya. Tankin banɗaki a ramin da aka tanada kaɗai ake juye shi, ba a cikin rafi ko gindin shinge ba. An rufe gas, an kulle durowoyi, an ɗaure kekuna, an cire waigi.

Aikin da za ku yi kafin haɗuwa ta gaba

Ku mayar da mil 13 zuwa kilomita. Sannan ku gano: in mai keke yana cin mil 8 a awa, awa nawa zai yi daga Ashbourne zuwa Parsley Hay da dawowa, ban da hutu? Ku rubuta jimla uku a kan abin da za ku yi in mutanen ɗaki duka suka tashi da ciwon kai alhali an kwana da wuta. Daga ƙarshe, kowa ya nemi wata mota ko babur ko buhu da aka rubuta wa nauyi a jiki, ya kwafo lambar da haruffan da ke bayanta a littafinsa, mu karanta tare a aji.