Ga Mai Shirin Karatun Muhalli a Legas

Ɗan'uwa da ka sauka Legas da niyyar karatun muhalli, ka sani darasin nan ya sha bamban da na gida. A arewa fari da kwararowar hamada ne suka dame mu, a nan kuwa ruwa ne ya yi yawa. Misalan da za ka riƙa ji a aji su ne unguwannin bakin ruwa irin Makoko da Lekki, da ambaliyar 10 ga Yulin 2011, da yadda unguwannin bakin kogin Ogun ke cika idan an saki ruwan madatsar Oyan.

Manyan jami'o'in biyu ne: UNILAG a Akoka, da LASU a Ojo, kusa da Alaba Rago inda mutanenmu suke. Kada ka tsaya neman sunan kwas kawai, ka leƙa sashen labarin ƙasa da na tsara birane, can darussan suke. Digiri na biyu kan kula da bala'o'i zalla kuwa, akwai shi a Jami'ar Ibadan, ɗaya daga cikin jami'o'i 6 da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta tallafa wa.

Takardu ne ke fara kayar da mutane. Ka nemi cikakken sakamakonka daga tsohuwar makarantarka tun da watanni. Sunanka kuma ya zo iri ɗaya a WAEC da NIN da takardar bautar ƙasa, don Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da rajista.

Inda ya kamata ka zuba ƙarfinka shi ne auna tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin a fara duk wani babban aiki. Ana tantance aikin, a fitar da abin da za a bincika, a ɗebi samfurin ruwa da ƙasa da iska, a rubuta rahoto, sannan a baje shi ga jama'a kwanakin aiki 21. Yawanci ana son bayanan damina da na rani duka. Nan ɗalibai ke makara: wanda ya fara a Nuwamba, sai ya jira ruwan Afrilu. Samfurin gwajin ƙwayoyin cuta kuma sa'o'i kaɗan yake jurewa, saboda haka ka sa shi cikin kula mai ƙanƙara, ka fito da asuba, in ba haka ba cunkoson hanya ya lalata maka shi kafin ka isa ɗakin gwaji. Ka koyi QGIS, manhajar zana taswira, tun zangon farko, kyauta ce, kuma babu rahoton da zai tafi ba taswira.

Wajen kama ɗaki a Bariga ko Iwaya, unguwannin da ke kusa da UNILAG, ka duba shatin ruwa a jikin bango, ka tambayi maƙwabta yadda layin yake a Yuni da Yuli, ba dillali ba. Lambobin gaggawa na jihar, 767 da 112, ka adana su a waya tun yau.